Ruwa Zai Tafi da Shi

A gidan nan ba wanda ke da gona, amma ba gidan da ya kai shi murnar ganin hadari. Da gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa igiyar shanya, sai ka ji Madam, matar Akawu, tana ƙwala wa 'yarta kira, Amarya matar Auta tana ƙwala wa nata. Ba shanya za a kwashe ba, shara za a fitar. Bokitai, tsofaffin buhuna, ledoji masu ƙullin baki da suka kwana huɗu a bayan ƙofa, duk sai a jera su a zaure ana jiran ruwa. Da ya kece, kwatar ƙofar gida ta cika ta kama gudu, sai a shiga juye mata, yara na tsalle suna shewa kamar ana rabon alewa.

"Ku yi sauri kafin ya tsagaita," Madam za ta ce daga cikin zaure, tana tattare zaninta. "Ruwa zai tafi da shi."

Ruwan kuwa ba ya kai shi ko'ina. Taku goma sha biyu yake tafiya da shi, zuwa bakin wani ɗan kwalbati da ke kusurwar gidan. Nan leda za ta kama leda, gwangwani ya tokare, famfas ya kumbura ya toshe abin da ya rage. Daga nan sai ruwa ya juyo da baya, ya shigo ta rariyar tsakar gida, ya nemi ɗakin da ya fi kowanne gangare. Ɗakin Yaya ke nan.

Yaya ita ce 'yar fari a gidan, Akawu ke bi mata, sai Auta, direban motar haya. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ta dawo gidan mahaifinsu da akwati ɗaya da keken ɗinki na ƙafa. Mutanen layi Mai Keke suke ce mata, don daga hantsi har la'asar ƙarar keken nan ba ta yankewa. Da shi take ci, da shi take sayen maganin ciwon sugan da ya kama ta, kuma saboda shi ba ta taɓa tsayawa a ƙofar ƙannenta tana murza hannu ba. Abin da take tinƙaho da shi ke nan a duniya, ba ta da wani.

Ba wai layin ba shi da tsari ba ne. Magidanta sun zauna sun yi shawara, aka ajiye babban tankin shara a bakin titi, mota na zuwa Litinin da Alhamis ta kwashe. Kowane gida ya kai tasa can, ranar Asabar da safe kuma kowane gida ya yashe kwatar da ke ƙofarsa. Akawu yana wurin zaman, shi ma ya rubuta abin da aka yanke, da yake hannunsa na da kyau. Washegari ya bugo jadawali daga ofis, da layuka tsaf-tsaf, ya manna a bangon zaure: mako ɗaya ɗakinsa, mako ɗaya ɗakin Auta, mako ɗaya Yaya.

Takardar ba ta kwana ba aka fara cacar baki.

"Mu uku ne a ɗakinmu, su takwas," in ji Madam. "Da wane lissafi za a ce mako-mako daidai wa daida?"

"To ai namu ɓawo ne da toka," in ji Amarya, wadda har yanzu ake kiranta haka da 'ya'yanta shida. "Naku gwangwani da kwalabe. A ɗora a sikeli a gani."

Mazan suka ce maganar mata ce, ba sa shiga. Shara ta taru, ƙuda ya yi gida. Yaya ta ari baro a maƙwabta ta kai a makonta, ta kai a makon Akawu don ba ta iya cin abinci cikin wari, ta kai a makon Auta don kada a ce ta nuna bambanci. Haka aka ci rani. Da damina ta faɗi matan suka gano kwata, har Amarya na ce mata, "Kin ga, Yaya, mun ma hutar da ke turin baro." Hutun kuwa shi ne duk ranar da aka yi ruwa ta ɗauki sanda ta fita cikinsa, ta shiga kwata har gwiwa, ta zaƙulo da hannunta abin da suka juye da nasu.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan azahar. Ruwa ya riga ya taɓa dokin ƙofarta lokacin da ta fita. Tana shiga kwatar laka ta cafke silifas ɗinta na dama, ta zaro ƙafa babu shi, ta mayar don ta tsaya da kyau. Ba ta ji wani zafi can ba, don suga ya daɗe da kashe mata tafin ƙafa. Abu ne kawai ta ji ya shige ta. Sai da ta gama buɗe kwalbatin, ruwa ya yi gurnani ya wuce, ta hau tudu, sannan ta ga inda ta taka yana yin ja. Ta zauna a bakin zaure ta ɗaga ƙafar, ta zare fasasshen gindin wata koriyar kwalba.

Ta shigo da shi a hannu tana ɗingishi, ta nuna musu. Ba faɗa ta kawo ba, so take su gani da idonsu.

"Ayya, sannu Yaya," in ji Madam. "Mu dai ba ma shan abin kwalba yanzu, na gwangwani Akawu ke kawowa. Daga saman layi ruwa ya jawo ta."

"Mu ina muka ga abin kwalba?" in ji Amarya. "Sannu. Ki sa gishiri."

Ta sa gishirin da ruwan ɗumi, ta yagi ƙyallen atamfa ta ɗaure. Washegari ta hau keke, don akwai kayan makaranta da Malama, mai ƙaramar makarantar ƙarshen layi, ta ba ta ɗinki, kuma saura mako uku da 'yan kwanaki a koma makaranta. Duk takun da ta yi wa keken sai ciwon ya buɗe baki. Kafin la'asar ƙyallen ya jiƙe, ta canza wani.

A kwana na biyar ƙafar ta ƙi shiga silifas. Ta dogara sanda ta je wurin mai kemis na kwana. Ya kwance ƙyallen, ya duba, ya ɗago kai bai yi murmushin da ya saba ba.

"Mai Keke, wannan ba na kemis ba ne. Mai suga ba ya wasa da ciwon ƙafa. Zan wanke miki, amma ki tafi babban asibiti yau, ba gobe ba."

Babban asibitin yana can ƙetaren gari, mota biyu ake shiga, ga tafiyar ƙasa a tsakani. Da safe ta sami Auta a ƙofar gida yana goge gilashin motarsa.

"Auta, ko za ka rage mini hanya zuwa asibiti? Ƙafar nan ta ƙi."

"Kai, Yaya, yau kam da wuya. Ni ke kan layi a tasha, in na rasa lodin safe na rasa wunin. Gobe in Allah ya kai mu, da sassafe."

Goben Auta ba ta wayewa. Ran nan taya ce ta yi faci, ran nan shata aka ɗauke shi, ran nan ya fita tun ba ta idar da salla ba. Ta juya wurin Akawu.

"Ki bari Asabar, Yaya," ya ce yana ɗaura agogo. "Asibitin nan sai da wanda ya san mutane. In kin je ke kaɗai a benci za ki wuni. Akwai wani abokina a ɗakin kati, ni zan kai ki da kaina."

Ita ma da nata laifin, in laifi ne: ta yarda da su. Ta goya su duka biyun a bayanta, ta san kukan kowanne tun yana tsumma, zuciyarta ta kasa ɗaukar cewa za su ga ƙafarta tana ruɓewa su wuce. Ga kayan Malama jibge a gefen gado. Ta ce bari ta rage aiki kafin Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi hadari ya sake haɗuwa. Tana zaune ta ji ƙarar bokitai ana ja zuwa zaure. Ta rarrafo bakin ƙofarta ta ɗaga labule.

"Madam, Amarya, don girman Allah yau kam ku bar shi a bokiti. Kun ga halin da nake ciki, ba zan iya shiga kwatar nan ba."

"Yaya, shara har tsutsa take yi a bayan ɗakina, ga yara," in ji Amarya. "Kuma tun da kika kwanta ba wanda ya tura baro. Ya za mu yi?"

"Kowa a layin nan zubawa yake yi," in ji Madam. "Namu ne kaɗai zai toshe? Yau ruwan da ƙarfi zai zo, zai tafi da shi."

Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya take yi. Gida ashirin da wani abu ne a layin, biyu ne kawai ke wannan ɗabi'a, ɗayan ma ya daina tun da aka yi masa magana.

Aka juye. Ba a jima ba rariya ta fara aman baƙin ruwa, ya malalo tsakar gida, ya shigo ɗakin ta ƙarƙashin ƙofa da ɓawo da gashi da abin da ba a faɗa. Ta kwashe yadin Malama ta ɗora kan gado. Ta kira 'yar Madam, uwar ta amsa daga ɗaki cewa mura take yi. Ta kira babbar 'yar Amarya, aka ce tana riƙe da jariri. Mazan ba sa nan. Ruwa ya kai ƙafafun keke, ya fara hawa. Sai ta ɗauki leda biyu ta zura ƙafar a ciki, ta ɗaure da tsumma a ƙwauri, ta ɗauki sandarta ta fita. Tana taka kwatar ledar ta cika. Ta ji sanyin ruwan yana shiga cikin ciwon, ta san abin da take yi wa kanta, amma ta ci gaba da zaƙulowa tana kuka, ruwan sama na wanke hawayen.

Asabar da safe zazzaɓi ya hana ta tashi. Daga kwance take jin mutanen layi sun fito da shebur da manjagara, kowa na yashe ƙofarsa, ana ba'a ana dariya. Tagarta daidai kan kwalbatin take, don haka ba abin da ya wuce kunnenta lokacin da Dattijo, tsohon da ke jagorantar aikin layin, ya tare Akawu yana fitowa cikin fararen kaya.

"Akawu, kwatarku kaɗai ta rage. Kuma kwalbatin nan daga ƙofarku yake toshewa kullum. Kai fa ka rubuta mana dokar nan da hannunka."

"Wallahi Baba, abin na damuna ni ma," in ji Akawu. "Ka san Yayarmu tela ce. Ƙyallayen ɗinkin nan nata su ke bin rariya su toshe wurin. Mun yi magana mun gaji, amma babba ce, ba a son a matsa mata."

Yaya ta juya kai ta dubi buhun da ke bayan ƙofarta. Ƙyallayenta ne a ciki, na shekara guda, tana tarawa tana cusa matashin kai. Ko zare ba ta taɓa bari ya faɗa rariya ba. Wannan magana ta fi kwalbar yi mata ciwo, ta ja mayafi ta toshe bakinta don kada a ji ta daga waje.

Mutanen layi suka taru suka yashe wurin da kansu. Ta ji Dattijo ya daki wani abu da manjagara ya ɗaga.

"Ikon Allah! Mai Keke ta fara goyo ne ba a gaya mana ba? Ga famfas ya kai talatin, ban ga ƙyalle ko ɗaya ba."

Aka kwashe da dariya. Akawu ma ya yi 'yar dariyar, ya duba agogo, ya ce ana jiransa wurin bikin abokin aiki. Maganar asibiti ba ta taso ba, bai ko leƙa ɗakinta ba.

Daga nan kwanakin suka fara yi mata nauyi. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Kumburi ya haura idon sawu. Ta gwada taka keke da hagu, ƙafar da ba ta taɓa koyon aikin ba. Keken ya yi ta komawa da baya yana tsinka zare, ɗinki ya karkace, ta farke ta sake, ta farke ta sake, har yadin ya fara nuna ramukan allura. Wata rana tun safe har azahar wando ɗaya ta kasa gamawa. Ta kifa kai a kan keken ta daɗe a haka.

Sai wari ya fara. Shi ne abin da gidan ya lura da shi. Amarya ta janye murhunta daga kusa da ƙofar, ta hana yara shiga ɗakin Gwaggo. Madam ta riƙa kunna turare a tsakar gida safe da yamma, tana fifita hanci da gefen mayafi. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata, a ƙwanƙwasa a wuce. Gidan da ya iya kwana huɗu da ruɓaɓɓiyar shara a bayan ƙofa, shi ne ya kasa jure warin ƙafar da sharar ta ci.

Auta ya leƙo sau ɗaya, daga bakin labule.

"Yaya, ya jikin? Akwai wani fasinja da ya gaya mini wani garin magani, an ce ko ciwon shekara ne yana busar da shi. Zan karɓo miki. Asibitin nan ma ba abin da suka iya sai yanka mutum."

"Auta, shigo mana ka gani."

"Na bar mota a kunne, Yaya."

Ba ta sake roƙon kowa ba. Ba fushi ba ne, ƙarfin roƙon ne ya ƙare. Zazzaɓi na zuwa ya tafi da hankalinta ya dawo da shi, in ta farka sai ta lallaɓa ta shafa kan keken ta goge masa ƙura da gefen zaninta.

Saura kwana biyu a koma makaranta Malama ta zo karɓar kaya. Ta yi sallama a tsakar gida, Madam ta nuna mata ɗakin da baki. Tana ɗaga labule ta ja da baya, sannan ta daure ta shiga. Yaya ta yunƙura za ta tashi ta kasa.

"Malama, ki yafe mini. Rabi kawai na gama, wasu ma sun karkace. Ban taɓa saɓa miki ba."

Malama ba ta dubi kayan ba. Ta durƙusa ta ɗaga zanin da ke rufe da ƙafar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta fito tsakar gida. "Gidan nan ba mutane ne? Kuna zaune baiwar Allah na ruɓewa da ranta?"

"Wallahi Malama, kullum sai mun ce ta je asibiti," in ji Madam. "Taurin kai ne da ita. Kin san manya."

"Mu mata ne, ba mu da mota," in ji Amarya.

Malama ta juya musu baya. Ta fita titi ta tsayar da tasi, ta kira Dattijo da mai kemis, su uku suka cicciɓe ta a tabarma suka sa a mota. Matan gidan na tsaye a zaure suna cewa Allah ya sawwaƙe.

A asibiti likita bai daɗe yana dubawa ba. Ya tambaya kwana nawa, ta ce ashirin da uku. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce da a makon farko aka zo, wankewa ce da allurai. Da a na biyu ne, wataƙila yatsu biyu. Yanzu kuwa in ba a cire daga ƙasan gwiwa ba, abin zai shiga jini ya tafi da ita gaba ɗaya.

"Likita, ta dama ce," ta ce a hankali. "Da ita nake taka keke."

Ya dafa ƙarfen gadon kawai.

Ƙannen sun iso da la'asar, bayan Dattijo ya buga musu waya ya gaya musu maganar da ba ta maimaituwa. Nas ta kawo takardar amincewa da biro. Akawu, mai kyan hannu, ya mayar da hannayensa baya.

"Auta, sa hannu."

"Kai ne babba, Yaya Akawu. Ni ina na iya takarda?"

"Irin wannan in mutum ya sa hannu, gobe a ce shi ya sa aka yanke mata ƙafa."

Yaya ta miƙo hannu daga kwance. Nas ta ɗora mata takardar a kan faranti, ta sa hannu da kanta.

A daren aka yi aikin. Washegari da azahar ta farfaɗo sosai. Abu na farko da ta yi shi ne duban ƙarshen gado, inda bargo ya tashi a gefe ɗaya ya kwanta a ɗayan. Ta daɗe tana kallo. Tana jin yatsunta na dama suna ƙaiƙayi, alhali babu su. Ta san keken nan ya yi shiru ke nan, ta san daga yau ruwan sha ma sai ta jira wanda zai miƙo, kuma ta san su wa za ta jira.

Suna nan kewaye da ita, da filas ɗin shayi da ledar lemo, kowa ya sa fuskar jimami. Masu dubiya na shigowa, Akawu na tarbarsu.

"Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

"Ƙaddara ce," in ji Madam. "Tunda rai ya tsira ai sai godiya."

Kalmar nan ta sha wuya a bakin mutane. Ba ƙaddara ce ta jera bokitai a zaure ba, ba ita ta aiki yara su juye ba, ba ita ta ce gobe, ta ce Asabar ba. Tankin shara yana nan a bakin titi, tafiyar minti uku daga ƙofarsu. Mutum goma sha ɗaya masu ƙafa bibbiyu suka kasa wannan tafiya, har sai da ta ci ƙafar mutum ɗaya, sannan suka zauna suna jingina wa Allah abin da hannunsu ya yi. Laifi tudu ne, amma waɗannan sun taka nasu ba su ma hango na kowa ba, sama suka duba.

Ana cikin haka wani ma'aikacin asibiti mai furfura ya shigo, riƙe da kwali dogo da aka naɗe da farin ƙyalle. Ya tsaya a gindin gadon ya rage murya.

"Su wa ne 'yan'uwanta? Ga abin da aka cire. Dangi ke karɓa su kai a binne. In ba mai karɓa, muna haɗawa da sharar asibiti a ƙona da yamma."

Akawu ya dubi Auta.

"Kai ke da mota."

"Motar haya ce fa, Yaya Akawu. In fasinja suka ji na ɗauko irin wannan, wa zai sake shiga? Kai ne babba, kai ya kamata."

"Ni izinin awa biyu aka ba ni a ofis. Kuma a ina zan riƙe shi, a cikin bas?"

"To ka kira abokin naka na ɗakin kati mana."

"Kar ka yi mini rashin kunya a gaban mutane."

"Malam," Madam ta sa baki tana kare hanci, "tunda kun ce kuna da wurin da kuke ƙonawa, ai ina ga..."

Ba ta ƙarasa ba, don Malama da ke zaune a kusurwa ta ɗago kai ta dube ta. Amarya ta shiga gyara ɗaurin goyonta. Ma'aikacin na tsaye da kwalin a hannu, yana duban wannan yana duban wancan.

Sun ɗauka Yaya barci take yi. Idonta a rufe yake, amma hawaye na bin gefen fuskarta yana shiga kunne. Ta buɗe ido, ba ta dubi ko ɗaya daga cikinsu ba, ma'aikacin ta duba.

"Malam, kar ka ƙona. Ba shara ba ce, shekara talatin tana ciyar da ni. Tura mini ƙarƙashin gado. In na iya tashi zan kai da kaina. Ni na saba fitar da na gidanmu."

Ma'aikacin ya ƙara duban mazan biyu, ya ba su lokaci. Akawu na kallon agogonsa, Auta na juya makullin mota a yatsa. Sai ya sunkuya a hankali ya tura kwalin ƙarƙashin gadon, ba wanda ya ce masa tsaya.